Yadda muka kai yara da Hajiya hutu Masar, da abin da mai shirin irin wannan tafiya ya kamata ya sani

Mun fi shekara uku muna cewa za mu fita da yara waje su ga duniya, kullum maganar a bakin tabarma take ƙarewa. Abin da ya tayar da ita tsaye shi ne ranar da babbar 'yarmu ta dawo daga makaranta ta buɗe mana hoton dalar Masar a littafinta, ta ce malaminsu ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganinta ido da ido, duk ajin aka yi tsit. Abbansu ya dube ni, na dube shi. A hutun Disambar 2024 muka tafi Alƙahira mu bakwai: ni da shi, yara huɗu, da Hajiya mahaifiyarsa, wadda ta ce ba za a je ƙasar Annabi Yusuf a bar ta tana gadin gida a Unguwar Rimi ba. Kwana tara muka yi. Tun da muka dawo ƙawaye da 'yan'uwa ke tambayata ta ina ake farawa, na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin komai, ki dubi wanda ya fi kowa rauni a cikin tawagarku, da shi za ki auna tafiyar gaba ɗaya. Mu namu biyu ne: auta mai shekara uku, da Hajiya mai ciwon gwiwa da hawan jini. Ƙasar da za a je, watan da za a tashi, irin jirgin, irin masaukin, har yawan wuraren da za a ziyarta a yini, duk a kansu muka yanke. Duk inda muka manta da wannan, mun ɗanɗana kuɗarmu.

Zaɓen ƙasa da lokaci

Abbansu Dubai yake so. Ni na ƙi, don a lokacin ba a daɗe da ɗage takunkumin bizar da Daular Larabawa ta sa wa 'yan Najeriya ba, wanda ya ɗauki tun daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024, kuma na san in muka je can a shaguna kuɗin za su ƙare. Mun yi tunanin Ghana ko Senegal, tunda ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza, fasfo kawai da katin rigakafi, kuma har yanzu ina ganin su ne suka fi dacewa da wanda bai taɓa fita da iyali ba. Masar ta ci zaɓe ne saboda dalilai uku. Akwai jirgin EgyptAir da ke tashi kai tsaye daga Abuja da Kano zuwa Alƙahira, tafiyar awa biyar ko ɗan sama da haka, babu sauka a wata ƙasa a zauna jiran wani jirgin da tsohuwa da ƙaramin yaro. Abinci halal ne duk inda ka shiga, masallaci kuma a kowane lungu. Na uku, ɗan yayata yana karatu a Azhar, muna da ido a can.

Wata kuma, ki kula. Hutun dogon zango na Yuli da Agusta shi ne ya fi tsawo, amma a lokacin Alƙahira wuta take yi, zafi kan haura digiri 35, kuma filin dala babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Disamba da Janairu sanyi ne, da dare yakan sauka kusan digiri 10. Mun ɗauka mu da muka saba da hunturun Kaduna ba abin da zai dame mu, ashe da sauranmu. Rigunan sanyin da na ɗaukar wa yara ba su isa ba, sai da muka ƙara saye a can.

Takardu, kuma su ne rabin tafiyar

Ki fara da fasfo wata shida kafin tafiya, kada ki ce na yi wuri. Ki ciro na kowa ki duba ranar ƙarewa. Yawancin ƙasashe, har da Masar, suna so ya zama akwai sauran aƙalla wata shida a jikinsa. Kowane yaro da nasa fasfon, har jariri, kuma sai an kai shi ofishin shige da fice an ɗauke shi hoto. Ana cike takarda a biya kuɗi ta intanet, a zaɓi ranar zuwa. Na yaro ana neman lambarsa ta NIN, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da wasiƙar amincewar iyaye. Kuɗin ya tashi bayan tafiyarmu: daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Ki lissafa wannan a kan mutum shida ko bakwai, ki ga ashe shi ma babi ne mai zaman kansa a kasafi.

Ga inda muka yi tuntuɓe. Yaronmu na biyu, a takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifinsa Muhammad, amma yaron da ya cike mana takardar NIN a wani shagon kwamfuta shekarun baya ya rubuta Mohammed. Ba wanda ya lura sai da muka zo neman fasfo. Harafi biyu kacal suka ci mana makonni ana gyara, ana zuwa ana dawowa. Yau ɗin nan ki baza takardun kowa a kan gado: takardar haihuwa, NIN, tsohon fasfo. Ki bi suna harafi-harafi, ki duba jerin sunayen, wanne ne na farko wanne ne na ƙarshe, ki duba ranar haihuwa. Yadda aka rubuta a fasfo, haka za a rubuta a biza, haka a tikiti.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Masar na neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, tun daga ɗan wata tara. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, a je ofishin kula da lafiyar matafiya a karɓa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma, saboda haka ba abin gobe-tafiya ba ne. Abin daɗin shi ne tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ki tafi da katin rigakafin yara na asibiti, don allurar tana cikin waɗanda ake yi musu a wata tara. Wanda ya haura sittin kuwa, a fara ganin likita kafin a yi masa. Kuma don Allah kada ki yarda da mai ce miki zai kawo miki kati har gida ba tare da allura ba. Katin yanzu akwai lambar da ake dubawa a na'ura, bayan haka ma lafiyar taki ce.

Biza daga ofishin jakadancin Masar ake nema. Abubuwan da muka haɗa: fasfo, hotuna, takardar bayanin asusun banki ta wata shida, wasiƙa daga wurin aikin Abbansu, shaidar kama masauki, da shaidar ajiye kujera a jirgi. Sharuɗɗa suna canzawa, ki tambayi ofishin kai tsaye a lokacin da za ki nema, kada ki dogara da labarin wanda ya je bara, har da nawa. Game da asusun banki, kada a aro miliyoyi a jibga su rana ɗaya ana saura mako a kai takarda. Masu dubawa sun san wannan dabarar tun kafin mu. Kuɗin da ke shiga yana fita a hankali wata da watanni ya fi gamsar da su.

Idan uwa ce kaɗai za ta fita da yara, ta riƙe wasiƙar amincewa daga mahaifinsu da kwafin fasfonsa, ana iya tambaya a filin jirgi.

Tikiti da 'yan ejan

Kada ki biya cikakken kuɗin tikiti kafin biza ta fito, sai dai irin wanda ake iya canza masa rana ko a mayar da kuɗi. Masauki ma ki kama wanda ake sokewa kyauta. Da biza ta fito kuma kada ki yi barci, don farashin Disamba kullum hawa yake.

Mun bi ta hannun wani ejan da wani abokin Abbansu ya haɗa mu da shi. Ya karɓi kuɗi ya turo mana takarda mai kyau ta WhatsApp, da sunayenmu da ranakun tafiya da tambarin jirgi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na nuna wa ƙanwata da ta saba tafiya, ta duba ta ce, "Yaya, ina lambar tikitin? Wannan ai ajiye kujera ce kawai, ba a biya ba." Tikitin gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13 a gaban sunan kowane fasinja. Ajiyar kujera kuwa lambar haruffa shida kawai gare ta, in kwanakinta suka cika ba a biya ba, sai ta goge kanta. Sai da Abbansu ya je ya zauna masa a ofis kwana biyu sannan tikiti ya fito. Da zarar an ba ki takarda, ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki, ki sa lambar nan mai haruffa shida da sunan ƙarshe, ki ga ko an fitar da tikiti. Minti biyu ne. Kuma duk wanda za ki miƙa wa fasfo ko kuɗi, ya zama yana da ofis da kika taka da ƙafarki, ya ba ki rasit.

Jariri ƙasa da shekara biyu da za a riƙe a cinya kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin babba ake biya masa. Daga biyu zuwa goma sha ɗaya akwai ragi, daga sha biyu kuwa babba ne a wurin jirgi, ko da a gida har yanzu ana yi masa faɗa a kan wanka. Tun lokacin sayen tikiti ki nemi a haɗa ku a kujeru kusa da juna. Mun kuma nemar wa Hajiya keken marasa lafiya, kyauta ne, ana sanar da su aƙalla kwana biyu kafin tashi. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba gurguwa ba ce. Da ta ga tsawon hanyar da ke cikin filin jirgin Alƙahira, da yadda mai tura ta ya wuce da mu gaban layi, sai ga ta tana yi masa addu'a.

Kuɗi

Shekara biyu na yi ina zuba adashi, Abbansu kuma duk wata yana sayen dala kaɗan yana ajiyewa, don mun ga yadda naira ta yi a 2023 da 2024, wanda ya ajiye naira da niyyar canzawa daga baya ya sha mamaki. Tikiti ya cinye mana wajen rabin abin da muka tara. Sauran na kasa shi uku: masauki da abinci, yawo da sufuri, sai na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Amma kafin duk wannan, na ware kuɗin makarantar zango na biyu da cefanen Janairu na kulle. Wanda ya dawo daga yawon buɗe ido ya tarar an koro yara saboda kuɗin makaranta, hotunan da ya ɗauka ba za su yi masa daɗin kallo ba.

Ana iya neman kuɗin guzuri na PTA ta banki, har dala 4,000 a wata uku ga babba, kuma tun 2024 a kati ake zuba shi, ba a hannu ba. Ko ta nan ko ta asusun dala, lallai ki tafi da katin banki da kika tabbatar yana aiki a waje. Dalilin shi ne manyan wuraren tarihi na Masar, dalolin Giza da gidajen tarihi da ganuwar Salahuddin, sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti, sai kati. Mun ga wasu bayin Allah da damin kuɗi a hannu suna roƙon mutane su biya musu da kati su ba su tsaba.

Dalar da za ki riƙe a hannu ta zama sabuwa, marar tabo ko yagewa. Ki raba ta, wata a jikinki wata a jikin maigida, kada a tara a jaka ɗaya. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. A can kuma, banki ko shagon canji mai lasisi za ki canza, canjin bakin titi laifi ne a dokarsu. Kuɗinsu fam ne, su suna ce masa gine, lokacin da muka je dala ɗaya wajen fam 50 take. Ki nemi ƙananan takardu da yawa, don Masar ƙasar bakshish ce: mai ɗaukar kaya, mai gadin takalma a masallaci, mai tsaron banɗaki, kowa na sa ran ɗan ihsani.

Haɗa kaya

Tikitinmu ya ba kowane mutum jaka biyu masu kilo 23, amma ki duba naki. Na aro sikelin mai sayar da shinkafa na maƙwabta muka auna komai a gida. Dabarar da ta yi mana amfani ita ce cakuɗa kaya: kowace jaka akwai kayan kowa kaɗan a ciki, in ɗaya ta yi ɓatan kai babu wanda zai zauna da riga ɗaya. Kuma mun tafi da jaka biyu kusan babu komai a ciki saboda dawowa.

Jakar hannu ita ce ranki. Fasfo, katin rigakafi, magunguna, caja, fawabank, wanda dama ba a yarda a sa shi a jakar da za ta shiga ƙasan jirgi ba, kayan canji na auta, famfas, biskit. Abu mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu, don haka humra da man shafawa su tafi babbar jaka a naɗe da leda. Maganin Hajiya mun bar shi a kwalinsa na asali, da takardar likita, da ƙarin na mako guda. Ki yi hattara da magungunan kashe ciwo masu ƙarfi. Tramadol musamman, Masar ba ta wasa da shi, ana ɗaure mutane a kansa. Likitanmu ya kuma ba mu maganin maleriya muka tafi da shi, don yaro na iya ɗaukar ta a Kaduna ta tashi masa a can, inda ba su saba ganinta ba. Inshorar tafiya ma mun yi, ganin muna tare da tsohuwa.

Na ɗauki yaji, garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa da garin tuwo kaɗan. Daddawa na naɗe ta leda uku na sa a roba mai murfi, duk da haka sai da mayafina ya yi kwana biyu yana ba da labari. Kilishi da dambun nama na haƙura da su, kayan nama ana iya ƙwacewa. Soket ɗinsu mai hanci biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba, ki sayi adafta biyu ko uku a Kasuwar Barci ko duk shagon kayan wuta, da doguwar waya mai ramuka da yawa.

Yanzu maganar da ba na so ki manta. Da an ji za ku fita, saƙo zai fara zuwa. "Don Allah ga ɗan ƙunshi ki kai wa ɗana da ke karatu a can." Duk abin da ba ki buɗe kin gani da idonki ba, kada ki ɗauka, ko daga wa ya fito. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na binciken kaya a filin jirgi, kuma abin da aka samu a jakarki naki ne, babu zancen aiko ni aka yi. Wata 'yar'uwa ta kawo min ƙunshi a liƙe da salatif, na ce mata, "Anti, ki yi haƙuri mu buɗe shi tare." Ta ɗan ɓata rai. Muka buɗe, ƙuli-ƙuli ne da turaren wuta, muka yi dariya, na ɗauka. A filin jirgi kuwa, baƙo ya ce ki riƙe masa jaka ko ya haɗa kayansa da naku tunda kuna da sauran kilo, amsar a'a ce.

Daga Rigasa zuwa Alƙahira

Filin jirgin Kaduna bai da jirgin da zai kai ki Masar, sai ki zaɓi Abuja ko Kano. Mu Abuja muka bi, ta jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga nan mota zuwa masauki. Tikitin jirgin ƙasa ta intanet ake saya kuma yana ƙarewa da wuri, balle a Disamba. Mun tafi ana gobe tashi muka kwana a gidan ƙanin Abbansu. Kada ki kuskura ki bar Kaduna ranar da jirginku zai tashi, ko ta titi ko ta dogo, abu kaɗan zai tsaida ku, jirgin sama kuwa ba ya jiran kowa. Ku isa filin jirgi awa uku zuwa huɗu kafin lokaci.

Kafin mu rufe gida na kwashe abin da ke firiza na rabar, na kashe gas, na lulluɓe kujeru da tsofaffin zannuwa saboda ƙurar hunturu, na bar makulli wurin maƙwabciyata. Na kuma kafa wa yara doka: ba hoto ɗaya da zai hau Facebook ko sitatus sai mun dawo. Ba sai duk gari ya san gidan babu kowa ba.

Kowane yaro na sa masa takarda a aljihu da sunansa, lambar wayarmu da adireshin masauki, ɗan yayata ya rubuta da Larabci. Da muka sauka muka sayi layin waya a cikin filin jirgin da fasfo. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi.

A can

Otal zai buƙaci ɗaki uku, ga cin abinci a waje sau uku a yini. Sai ɗan yayata ya samo mana hayar gida mai ɗaki uku da kicin a Madinat Nasr, unguwar da ɗaliban Najeriya ke da yawa. Abin da na nace a kai shi ne ya je ya gani da idonsa, kuma ya tabbatar lif yana aiki, don Hajiya ba za ta hau bene hawa biyar ba. Kicin ɗin nan shi ya cece mu. Yara sun so koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas (wani ƙaramin wake) da soyayyar albasa, sun so shawarma da ta'amiyya mai kama da ƙosanmu. Hajiya kuwa kwana biyu ta yi tana ɗanɗana ful, wato dafaffen wakensu, da burodinsu, rana ta uku ta ce, "'Yar nan, a tuƙa min tuwo." Ruwan sha na roba muka riƙa saye.

Ranar farko kada ku je ko'ina, ku yi barci. Bayan nan wuri ɗaya a yini, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Mun karya wannan dokar sau ɗaya, muka haɗa gidan tarihi na dandalin Tahrir da kasuwar Khan Khalili a yini guda. Auta ya kwanta a tsakiyar kasuwa yana birgima, gwiwar Hajiya ta kumbura, washegari ba wanda ya fita. Mun yi asarar yini muna neman ribar rabin yini.

Dalolin Giza da sassafe ake zuwa. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146. Hoto ba ya nuna girmanta. 'Yata da ta jawo tafiyar ta tsaya jikin dutse ɗaya na ƙasa, ya kusa kai mata kafaɗa, ta ɗaga kai ta kasa magana. Hajiya tana zaune a gefe da carbi, ta ce, "Ikon Allah, duk wanda ya gina wannan yana ina yanzu?"

A nan ne kuma wani mai raƙumi ya koya mana darasi. Ya tare mu da fara'a, ya ji daga Najeriya muke ya fara kiran sunayen 'yan ƙwallo, ya faɗi kuɗi kaɗan, yara biyu suka hau. Ya zagaya da su ya dawo, raƙumi na tsaye ƙiƙam. Abbansu ya miƙa kuɗi, mutumin ya ce ai wancan na hawa ne, na sauka daban. Abbansu ya ɗauko Larabcinsa na Islamiyya, da i'irabi da komai, mutumin yana ta dariya. Sai da ɗan yayata ya iso ya yi masa magana da yarensu sannan raƙumi ya durƙusa. Kafin a hau komai, raƙumi ko doki ko kwalekwalen Nilu, a yanke kuɗi: na mutum nawa, minti nawa, da fam ko da dala, har sauka. Kada a biya sai an gama. Kalmomi uku sun ishe ki: "bikam" wato nawa ne, "gali" wato ya yi tsada, da "la, shukran" ki wuce ba waiwaye. Wanda ya saba ciniki a Kasuwar Gumi ba zai sha wuya a Khan Khalili ba, ki taya ƙasa da rabi ki yi kamar za ki tafi.

Don zirga-zirga Uber muka fi amfani da shi, mota biyu, saboda kuɗin a rubuce yake babu gardama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragon mata zalla, ni da 'yan matan mun gwada sau ɗaya. Tsallaka titi a Alƙahira kuwa, ki riƙe hannun yaro gam ki bi bayan ɗan gari.

Sauran kwanakin mun yi Juma'a a masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, muka je masallacin Amr bn al-As, na farko a Masar, da ganuwar Salahuddin da aka soma a 1176, inda ake hango birnin gaba ɗaya. Gidan tarihi na Fustat nan ne aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin tsohuwar Masar 22 a Afrilun 2021, ciki har da Ramsis na biyu. Manyan yara sun shiga, auta da Hajiya muka bar su a waje, ita ta ce ba ta da abin gani a fuskar Fir'auna. Sabon katafaren gidan tarihin da ke kusa da dala an buɗe shi a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025, kayan Fir'auna Tutankhamun sun koma can, wanda zai je yanzu ya ware masa yini guda cur. Iskandariyya tana cikin jerinmu, jirgin ƙasa wajen awa uku, amma na dubi Hajiya na soke ta.

Tsaraba na rubuta sunaye tun daga gida, da iyakar abin da za a kashe wa kowa, na bar sayayya sai kwana biyun ƙarshe. Abaya da jallabiya ga iyaye, dabino da carbi da ƙananan turaruka ga maƙwabta da 'yan makarantar Islamiyya. Duk da haka da muka auna kaya daren dawowa, jaka ɗaya ta yi kilo 27, muka zauna a ƙasa ƙarfe ɗayan dare muna kwashe littattafan da Abbansu ya saya a bayan Azhar muna cusawa a jakunkunan makarantar yara.

Ki ajiye naira a gefe a jakar hannu saboda dawowa, kuɗin mota daga filin jirgi da na jirgin ƙasa da abin da za a ci a hanya, kuma ki sayi tikitin Rigasa tun kina can. Ku dawo aƙalla kwana uku kafin a koma makaranta. Mu ranar Alhamis muka iso Kaduna, Juma'a da Asabar wanki da kakkaɓe ƙura, Lahadi na zauna guge yunifom, auta kuma yana bin kajin maƙwabta yana ce musu "la, shukran".